Ranar Da Na Kasa Cewa Ruwa Ya Yi Gyara

Tun ina ƙarama nake tsoron hadari. Da zarar sama ta yi baƙi, iska ta fara kwasar ƙura tana buga ƙofofi, sai in bar duk abin da nake yi in je in raɓe a gefen mahaifina. Shi mutum ne marar yawan magana wanda bai iya rarrashi da baki ba, amma ya samo mini dabara. Ya ce idan na ga walƙiya in fara ƙirge a hankali har sai na ji tsawa. Ya bayyana mini cewa walƙiya da tsawa a lokaci ɗaya suke tashi, sai dai haske yana isowa nan take, shi kuwa sauti kimanin mita 340 kawai yake ci a daƙiƙa ɗaya, saboda haka duk daƙiƙa 3 da na ƙirga, tsawar tana nesa da mu da kusan kilomita 1. Idan na kai tara sai ya ce, "Kin ji ko? Kilomita 3 ke nan, ba a kanmu take ba." Tsoron bai bar ni ba, amma na sami abin riƙewa har hadarin ya wuce, kuma ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana ni ce zan goya shi in fitar da shi daga ɗakin da iska ta yaye ba.

Mu biyar iyayenmu suka haifa, ni ce ta biyu kuma babbar mace. An yi mana tarbiyya a kan cewa maganar gida a gida take kwana, kuma wanda ya kai ƙarar ɗan uwansa waje kansa ya tona wa asiri. Ba na zargin wannan tarbiyya gaba ɗayanta, domin ta kare mu daga abubuwa da yawa, sai dai ni na ɗauke ta fiye da yadda aka ba ni. Tun ina shekara 10 aka laƙaba mini mai haƙuri. Idan aka rasa mai yin aiki ni ake kira, idan aka yi rabo bai kai ba ni ake cewa in bari, idan yayana ya yi mini laifi ni ake ba haƙuri saboda an san zan karɓa. Na ji daɗin wannan yabo, na tsare shi kamar dukiya, har na girma ban san yadda ake cewa na gaji ba.

Ina da ƙawaye uku tun daga makarantar sakandare. Aure da aiki sun raba mu na wasu shekaru, daga baya muka sake haɗuwa, muka koma zama tare sau ɗaya a mako, sauran kwanaki kuma muna waya. Babbarmu malamar makaranta ce, ta biyu ma'aikaciyar jinya ce, ƙaramarmu kuma tana sana'arta a gida, ita ce mai sa mu dariya. Hirarmu ba ta da kai ba ta da gindi. Wannan ta ba da labarin ruwan da ya jiƙa mata shanya, waccan ta kawo ƙorafin yaron da ya ƙi yin aikin makaranta, ɗayar ta ce maigidanta ya sake mantawa da saƙon da ta ba shi, ko surukarta ta iso ba sanarwa, ko ƙanwarta ta ari abu ta ƙi mayarwa. Ni ce mai sauraro da ba da shawara. Shekara da shekaru muna haka ban taɓa kawo nawa ƙorafin na gaskiya ba, kuma su ma sun saba da cewa ni a kullum lafiya lau nake.

Mahaifiyarmu ta rasu ina da shekara 36. Bayan shekara 2 aka wayi gari Baba yana kwance a ƙasa kusa da gadonsa, bakinsa ya karkace, hannunsa da ƙafarsa na dama sun saki, yana son yin magana ta ƙi fita. Likita ya ce jini ne ya daskare ya toshe wata jijiya a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa, shi ya sa ɓarin jikin dama ya shanye, kuma da yake a wajen yawancin mutane cibiyar magana a wannan ɓangaren take, maganar ma ta tafi. Ya ce akwai maganin da ke narkar da irin wannan gudan jini, amma sai an ba da shi cikin kimanin awa 4 da rabi daga lokacin da abin ya fara, mu kuwa ba wanda ya san ƙarfe nawa na dare ya faɗi. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, ina cewa da wani yana kwana kusa da shi da ba haka ba.

Da aka sallame shi muka zauna mu biyar domin a san inda zai koma. Yayanmu ya ce aikinsa ba ya barinsa zama, ƙanwata ta ce gidanta ya yi ƙunci, ƙannena maza biyu kuwa ba su riga sun kafu ba. Aka yi shiru, idanu suka dawo kaina. Ba wanda ya roƙe ni, ni ce na ce, "Ba komai, ku kawo shi wajena." Na faɗi haka kafin ma in shawarci maigidana, wanda ya karɓi maganar da kyakkyawar zuciya duk da na ga ya so a ce an tambaye shi tukuna. Muka gyara wa Baba wani ɗaki da ke bayan gidan, ɗakin da aka ƙara daga baya aka yi masa rufi da tsofaffin kwanuka.

Wanda bai yi jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ba zai ɗauka aikin bai wuce ba da magani da abinci ba. An gaya mini a asibiti cewa dole a riƙa juya shi duk bayan kimanin awa 2, dare da rana, domin idan jiki ya daɗe a ɓari ɗaya jini ba ya gudana a wuraren da ƙashi ya danne, sai fata ta mutu ta zama gyambo mai wuyar warkewa. Ciyar da shi kan ɗauki kusan awa guda, a zaune, kaɗan-kaɗan, saboda haɗiya ta yi masa wuya kuma idan abinci ya bi hanyar numfashi yana iya jawo ciwon huhu. Ga wanka, ga canjin zanin gado, ga miƙe masa hannu da ƙafa safe da yamma don kada gaɓoɓin su sandare. Na rage lokacin aikina, barcina ya koma guntu-guntu, 'ya'yana biyu suka koyi yin abubuwa da yawa ba tare da ni ba. Duk wannan ban ƙi shi ba. Mahaifina ne, kuma akwai daren da nakan juya shi ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya ya ƙi saki, in ji gajiyar ta sauka.

Abin da ya ci ni shi ne maganganun 'yan uwana, kuma ko ɗaya daga cikinsu ba babba ba ce. Yaya yakan kira da dare ya ce, "Kin ba shi maganin safe kuwa? Ki riƙa kula fa." Yakan turo abin da ya sawwaƙa idan ya tuna, sannan ya nemi bayanin yadda aka kashe shi dalla-dalla. Ƙanwata takan zo sau ɗaya a mako biyu, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ƙarasa ciki ba, ta ce ɗakin yana wari, ko ta ce Baba ya rame, ko ta kawo sunan wani magani da ta ji an ce yana tayar da mai shanyewar jiki cikin kwana bakwai, idan na ce sai an tambayi likita ta ce ni ce ba na son a gwada. Ƙannena maza sukan leƙo su gaishe shi su zauna suna latsa waya, su tafi su bar mini kofunan da suka sha ruwa. Idan baƙi suka zo dubiya, Yaya ne ke karɓar godiya a madadin iyali. Ba wanda ya taɓa tambayata ƙarfe nawa na kwanta jiya. Kowace magana ita kaɗai ba ta isa a yi fushi a kanta ba, shi ya sa na rasa inda zan kama in yi ƙorafi, sai na haɗiye su ɗaya bayan ɗaya har na wayi gari ina jin gabana yana faɗuwa duk lokacin da sunan ɗan uwana ya bayyana a waya.

A wannan lokacin ne na fara janyewa daga ƙawayena. Da farko rashin lokaci ne, daga baya ya zama wani abu da nake jin nauyin faɗa har yanzu. Na fara jin haushin hirarsu. Idan ƙaramarmu ta kira tana ba ni labarin yadda maigidanta ya shigo mata da taɓo a takalmi bayan ta gama goge ɗaki, sai in ji zuciyata tana cewa, wannan ita ce damuwarki, alhali ni ina da uban da ba ya iya ɗaga cokali? Na yanke wa hirar hukuncin cewa ta banza ce, ta waɗanda duniya ba ta taɓa ba. Sukan tambaye ni jikin Baba, in ce da sauƙi. Sukan ce za su zo su taya ni, in ce kada su wahalar da kansu, 'yan uwana suna nan. Na rufe musu kowace ƙofa da kaina, sannan na zauna ina jin zafin cewa ba su shigo ba. Na zalunce su a cikin raina, su kuwa ba su daina kira ba, ko da minti biyu ne, ko da maganar ba ta wuce zafin rana ko sanyin safiya ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun farkon damina ta biyu na ga silin ɗin ɗakin Baba ya fara baƙi ta kusurwa ɗaya, na ajiye bokiti a wurin. Na kira kafinta ya hau ya duba, ya sauko ya ce katakon ya ruɓe, gara ta ci wani, ƙusoshin kuma sun yi tsatsa, sai dai a sauke rufin a sake. Maigidana ya riga ya ɗauki nauyin magani da yawan hidimar gidan, na ji kunyar ƙara masa. Na gaya wa Yaya, ya ce a bari damina ta wuce. Na sake gaya masa bayan mako uku, ya ce ina da gaggawa. Ban sake magana ba.

Daren da abin ya faru maigidana ya yi tafiya. Tun yamma gari ya ɗauki zafi, ganye ko motsi ba ya yi. Wajen ƙarfe 1 na dare na tashi juya Baba, sai na ji iskar nan mai sanyi da ke zuwa gaban ruwa, wadda shi da kansa ya taɓa gaya mini cewa daga cikin gajimaren take faɗowa, ta bugi ƙasa ta bazu da ƙarfi. Wuta ta ɗauke. Na kunna tocila, na ga idanunsa a buɗe yana kallon sama. Aka yi walƙiya, na tsinci kaina ina ƙirge kamar yarinya, na kai shida. Aka sake yi, na kai uku. A ta ukun ban gama cewa ɗaya ba tsawar ta faɗo. Sai na ji kwanon kusurwar nan yana bugawa, yana ɗagawa yana komawa, sannan aka yi wata ƙara kamar ana yaga ƙarfe, silin ya rufto ta ƙafar gado, na ɗaga kai na ga walƙiya a inda rufi yake ɗazu.

Ruwa ya sauko mana kamar da bakin ƙwarya. Na ƙwala wa ɗana kira, yana da shekara 14 a lokacin. Keken Baba yana can gefe silin ya danne shi. Na durƙusa a bakin gado, yaron ya taimaka ya ɗora mini shi a baya, na riƙe hannunsa mai lafiya a ƙirjina, ɗayan yana lilo, muka ratsa tsakar gida a cikin duhu, yaron yana tallafe da ƙafafun kakansa, wani kwano ya wuce ta gabanmu a iska. Ban ji nauyinsa ba, kuma wannan rashin nauyin ne ya fi tsaya mini a rai, domin a ranar na san yadda mahaifina ya ƙare. Muka kwantar da shi a gadona, na cire masa jiƙaƙƙun kaya, na lulluɓe shi, yana rawar sanyi yana hawaye ba sauti. 'Yata ƙarama ta maƙale a kusurwa tana kuka.

Da ruwa ya tsagaita na kira Yaya. Na san ya firgita, na ji a muryarsa. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "To ke da kika san rufin ba shi da kyau, me ya sa kika bar shi a ɗakin?" Na riƙe wayar ban ce komai ba har ya kashe. Tambayar tana da gaskiya a cikinta, shi ya sa ta yi mini zafi haka. Na zauna a ƙasa kusa da gadon har gari ya waye.

Wajen ƙarfe 7 babbarmu ta kira, kamar yadda ta saba duk safiyar da aka kwana ana ruwa. Ta ce, "Ƙawata, kin tashi lafiya? Ya ruwan jiya? Ni kam shanya na manta a waje, yanzu haka rigar maigida tana rataye a bishiyar maƙwabta." Amsar wannan gaisuwa sananniya ce, na faɗe ta sau dubu ba tare da tunani ba. Na buɗe baki in ce ruwa ya yi gyara, harshena ya ƙi. Abin da na ji kaina ina faɗa shi ne, "Ruwa ya tafi da ɗakin Baba." Daga nan kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba ko a rasuwar mahaifiyata. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Kada ki taɓa komai, ga mu nan zuwa."

Kafin ƙarfe 9 su ukun suna gidana. Ba wadda ta zaunar da ni ta yi mini nasiha. Suka ɗaura ɗamara, suka fitar da katifa, suka kwashe tarkacen silin, suka shanya takardun asibiti ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma, suna yi suna hirarsu ta kullum. Ƙaramarmu tana matse labule tana ba da labarin yadda tsawar ta sa surukarta ta baro ɗakinta ta zo ta kwana a tsakiyar jikoki. Babbarmu ta koma kan rigar da ke bishiya da yadda za ta roƙi yaron maƙwabta ya hau ya ciro. Hirar da na raina ce, ba a canza mata komai ba, amma a ranar na ji ta kamar an buɗe mini taga, domin ta tuna mini cewa a daren nan kowa ya kwana a ƙarƙashin hadari ɗaya, kuma gari ya waye wa kowa.

Ma'aikaciyar jinyar ta shiga ta duba Baba, ta saurari ƙirjinsa, ta juya shi ta duba bayansa da ƙugunsa da dugadugansa. Ta fito ta same ni ta ce, "Fiye da shekara yana kwance, babu gyambo ko ɗaya. Wa yake juya shi da dare?" Na ce ni ce. Ta ce, "Kullum?" Na ce kullum. Ta dube ni ta ce, "To ke yaushe kike barci?" Wannan ita ce tambayar da na yi wata goma sha biyar ina jira daga bakin wani cikin 'yan uwana. Sai na fara magana. Abin mamaki, ban faɗe ta a matsayin wani babban sirri ba, na faɗe ta ne da irin salon da suke faɗin nasu: Yaya ya ce kaza, ƙanwata ta tsaya a bakin ƙofa, yaran nan sun bar mini kofuna. Suna jin wani su girgiza kai, suna jin wani su ce su ma an yi musu irinsa. Ba wadda ta zagi ɗan uwana, kuma na gode musu da haka, don da sun zage shi da na koma kare shi na rufe bakina. Babbarmu cewa ta yi, "Yayanki ba mugu ba ne, bai taɓa kwana da Baba ba ne, shi ya sa bai san abin da yake faɗa ba."

A ranar ce kuma ma'aikaciyar jinyar ta ciro na'urar awon jini daga jakarta ta ɗaura mini. Ta sami 168 bisa 104. Ta ce tashin hankalin daren zai iya ɗaga shi, don haka ba a yanke hukunci da awo ɗaya, sai an auna a ranaku daban-daban an ga ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce. Ta dawo bayan kwana uku, ta sake dawowa bayan mako, bai sauka ƙasa da haka ba. Ta raka ni wajen likita aka ɗora ni a kan magani. A can na ji cewa hawan jini yawanci ba ya nuna alama, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kusan rabin manyan da ke ɗauke da shi ba su sani ba. Shi ne kuma babban abin da ke jawo ciwon da ya kwantar da mahaifina. Na yi shiru ina tunanin wanda zai riƙa juya mu mu biyu.

Kafintan da ya zo sake rufin ya nuna mini katakon da ya sauke, ƙusoshi suna zarewa da hannu. Ya ce mutane suna ɗauka iska tura rufi take yi, alhali ɗaga shi take yi, domin idan ta bi ta samansa da gudu sai ta riƙa zuƙarsa sama, idan kuma ta sami kwano ɗaya da ya saki ta shiga ciki sai ta turo ta ƙasa, aikin ya zama biyu. Babbarmu ta ƙara da cewa idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin bugunta sau huɗu yake ninkawa, shi ya sa rufin da ya jure shekara ashirin yake tashi a dare ɗaya. Maigidana ne ya biya aikin, ya kuma nuna mini ɓacin ransa a fili cewa na ɓoye masa maganar kafinta ta farko. Yana da gaskiya, na ba shi haƙuri.

Ƙawayena ne suka sa na ɗauki takarda na rubuta duk abin da ake yi wa Baba cikin awa 24, da lokacinsa, ba tare da ƙorafi ko ɗaya ba. Ya cika shafi biyu. Na kira 'yan uwana na ajiye takardar a gabansu, na ce ina da hawan jini, kuma daga yau ba zan iya ni kaɗai ba. Hannuna yana rawa lokacin da nake faɗa. Yaya ya fusata da ya ji cewa ƙawayena sun san halin da ake ciki, ya ce na kai su waje. Na ce, "Yaya, ban kai ƙararka ko'ina ba. Rufi ne ya tashi, kowa ya gani. Abu ɗaya nake roƙonka, ka zo ka kwana da Baba dare ɗaya." Ya tashi ya fita bai amsa ba. Sai bayan wata guda ya zo da jakarsa. Da asuba na same shi zaune a bakin gado idanunsa sun yi ja, ya juya Baba sau uku, ya canza zanin gado sau ɗaya. Bai ba ni haƙuri ba har yau, kuma tsakaninmu bai koma kamar da ba, amma a makon ya ɗauki mai taya jinya da ke kwana uku a mako, kuma bai sake tambayata ko na ba da maganin safe ba.

Ƙanwata kuwa ta same ni ni kaɗai ta ce, "Yaya, ba ƙyama ce take tsayar da ni a bakin ƙofa ba. Ba na iya ganinsa haka ne. Idan na shiga sai in ga kamar ba Baba ba ne." Ashe duk maganar wari da rama da magunguna tsoro ne ya rasa hanyar fita. Na koya mata yadda ake ciyar da shi, yanzu ita ke da ranar Asabar. Cikin ƙannena maza ɗaya ya karɓi kai shi asibiti, ɗayan har yanzu yana nan yadda yake, kuma na daina ɓoye cewa hakan yana ɓata mini rai.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa na iya magana a safiyar nan bayan na yi wata da watanni ina ƙi. Da a ce ƙawata ta kira ta ce in gaya mata damuwata, na tabbata da na ce ba komai. Ruwa ta tambaye ni, kuma amsar gaskiya game da ruwan ce ta janyo sauran. Kiran nata bai zo mini baƙo ba saboda ta yi irinsa sau ɗaruruwa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ko a lokacin da nake amsa mata a daƙile. Na kuma gane cewa ƙananan ƙorafe-ƙorafen da suke yi a kan mazajensu da surukansu ba rashin godiya ba ne kamar yadda na zata. Suna sauke abin ne tun yana ƙarami, a yi masa dariya, a koma gida da zuciya sakayau, ni kuwa da nake ganin na fi su haƙuri ina tara nawa har ya hau mini jini. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2025 ya ce kusan mutum 1 cikin 6 a duniya yana fama da kaɗaici. Da na ji shi na tuna cewa ni a cikin gida mai mutum biyar, da 'yan uwa huɗu da ƙawaye uku, na kasance cikin wannan lissafi.

Baba yana nan da rai. Yana iya zama a keke, yana cin abinci da hannun hagu, amma magana ba ta dawo ba sai kalmomi kaɗan. A daminar da ta biyo baya, wani dare aka taso da hadari, 'yata ta gudo ɗakinsa inda nake, jikinta yana ɓari, domin tun daren nan take tsoron iska. Na zaunar da ita a bakin gado na ce idan ta ga walƙiya ta ƙirga. Aka yi walƙiya, ta fara, ɗaya, biyu. Sai muka ji wata murya a shaƙe ta karɓa, uku, huɗu, biyar, shida, har tsawa ta sauka. Mutumin da ba ya iya kiran sunana ya ƙirga har shida ba tangarɗa. Likita ya gaya mini daga baya cewa hakan yana faruwa, domin abubuwan da baki ya haddace a jere, kamar ƙirge da kwanakin mako, sukan tsira ko da sauran magana ta tafi. A daren dai ban nemi bayani ba. Washegari da babbarmu ta kira ta ce ya ruwa, na ce ya yi gyara, sannan na riƙe ta a waya kusan awa ina ba ta labari.

Yanzu a gidana muke zaman mako, a kusa da tagar Baba, don yana son jin hayaniyarmu. Ina kawo nawa ƙorafin kamar kowa, na yaro da na maigida da na ƙanena da ya ƙi gyaruwa. Makonni uku ke nan na lura ƙaramarmu, mai sa mu dariya, ta daina kawo labarin maigidanta, ko na takalmi ko na mantuwa, kuma idan aka tambaye ta gida sai ta ce lafiya lau da sauri ta sauya magana. Na san wannan amsar, na yi fiye da shekara ina ba da ita. Na roƙi ƙanwata ta zauna da Baba gobe da yamma, zan je gidan ƙaramar tamu ni kaɗai. Zan fara da maganar ruwan da aka yi shekaranjiya, in gyara zama in jira.